Tambaya: Yaya ake tarken littafin da aka mayar fim?

Hauwa'u ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta kundin kammala digiri a kan baddala, wato ɗauko labari a sake gina shi a wata siga, na zaɓi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da fim ɗin da aka yi daga gare shi. Abin da na tara zuwa yanzu jerin bambance-bambance ne: ga abin da ke cikin littafi babu a fim, ga abin da ke fim babu a littafi. Malamin da ke duba aikin ya ce wannan lissafi ne, bai zama tarke ba tukuna. Tambayoyina uku ne. Me ake yi da bambance-bambancen bayan an jera su? Wace mazhabar tarke ce ta dace da irin wannan aiki, ko kuwa jigo da zubi da salo da taurari da muka saba sun wadatar? Sannan a babi na biyu ina so in kawo Magana Jari Ce a matsayin misalin baddala daga rubutu zuwa rubutu, to amma na ji wasu na cewa fassara ce, wasu ma na cewa ɗauka ce kawai aka yi. A ina zan ajiye shi? Allah ya saka da alheri.

Malam Lawal ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Malaminki ya yi gaskiya, amma jerin da kika yi ba asara ba ne, shi ne kayan aikin. Kafin a kai can, akwai gyara a tushe: matani uku ne a gabanki, ba biyu ba. Littafin ya fito daga gasar da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi. Bayan shekaru, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗin a 1976. Idan kika tsallake wasan, za ki jingina wa mai fim sauye-sauyen da tun a dandali aka yi su, kuma duk hujjar da kika ɗora a kan haka ta rushe. Saboda haka teburinki ya zama mai gida uku.

Ga yadda ake haɗa teburin. Ki yanka littafin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa aukuwa ɗaya wadda idan aka cire ta abin da ke bayanta ba zai tsaya ba: ƙazafin da fadawa suka yi wa Makau, mijin uwar Umar, bayan an dawo daga hari, korarsa, tafiyar uwar Umar ganin iyayenta, sace yaron, kurar da ta cinye wanda ya sace shi, zuwan Umar Kano da shigarsa hannun Balaraben nan Abdulkarim, karatunsa a ƙasar Larabawa, fitar uwar nemansa har ita ma ta faɗa bauta, haɗuwarsu a Tarabulus da rasuwarta, guguwar rairayi a hanyar dawowa, zamansa a Rauta. Ki ba kowace lamba da shafi. A gidan wasa ki sa kashi da fitowa. A gidan fim ki sa minti da daƙiƙar da fitowar ta fara da inda ta ƙare. Kada ki rubuta "a tsakiyar fim", ba wanda zai iya bin ki ya tabbatar.

Daga nan kowane bambanci zai faɗa ɗaya daga cikin huɗu: ragi, ƙari, sauyi, ko sauya jeri, wato a gabatar da abin da littafi ya jinkirtar. Akwai na biyar wanda ɗalibai ba sa gani domin ba ya fitowa a jerin "akwai da babu", shi ne sauyin nauyi. Abin da littafi ya wuce a layi uku fim ya zauna a kansa minti shida, ko abin da ya ci shafi huɗu ya wuce a daƙiƙa talatin. Aukuwar tana nan a duka biyun, amma labarin ya karkata. Wannan ya fi muhimmanci a aikinki, saboda Shaihu Umar ɗan ƙaramin littafi ne, bai kai shafi 100 ba, fim ɗin kuwa ya haura awa biyu. Akasarin baddala ragi ake yi, a nan kuwa dole aka shimfiɗa. To a ina aka shimfiɗa? Amsar wannan tambaya kaɗai tana iya cika babi.

Tarke yana farawa ne lokacin da kika tambayi kowane sauyi abu biyu: me ya jawo shi, kuma me ya yi wa ma'anar labarin. Dalilan ba su cika wuce huɗu ba. Ko dai kafar ce ta tilasta, domin abin da alƙalami ke iyawa kyamara ba ta iyawa. Ko kuɗi da lokaci. Ko masu kallo da zamanin da aka yi aikin. Ko kuma ra'ayin mai baddalar ne, yana so ya faɗi abin da marubucin bai faɗa ba. Idan kika ɗauki sauyin da kafa ta tilasta kika ce ra'ayin darakta ne, kin yi masa ƙage.

Bari in tsaya a kan wurin da nake ganin kundin naki yake, wato muryar mai ba da labari. A littafi, dattijo ne malami zaune cikin almajiransa yana ba da tarihin kansa. Duk abin da muka ji ta bakinsa muka ji, cikin natsuwar wanda ya riga ya sallama wa ƙaddara. Hari, kamu, sayar da mutane, duk suna zuwa ne da wannan murya mai sanyi. Har abubuwan da bai gani da idonsa ba, kamar makircin fada lokacin yana ƙarami da wahalar uwarsa a hanyar Murzuk ta ƙasar Libiya, shi ne ke faɗa, kuma mai karatu ba ya tsayawa ya tambaye shi yadda aka yi ya sani. Fim ɗin ma da zaman malami da almajirai ya buɗe, amma da zarar an koma baya, kyamara ce ta karɓi labarin. Kyamara ba ta da "na ce", ba ta da haƙurin dattijo. Mutumin da aka ɗaure, mai kallo zai ga igiyar, zai ga fuskar. Ke nan aukuwa ɗaya ce, amma a littafi ta iso mana a tace, a fim ta iso ɗanya. Idan jigon littafin haƙuri ne da yarda da hukuncin Allah, ki auna ko ya tsira da ƙarfinsa bayan an janye muryar, ko kuwa bauta ce ta taso ta zama babban jigo. Ki ƙirga sau nawa fim ɗin ya komo wurin dattijon, da inda ya komo. Kowace komowa ƙoƙari ne na maido da waccan murya.

Abu na ƙarshe, zamani. An rubuta littafin a ƙarƙashin mulkin Turawa, marubucin yana matashin malamin makaranta. An yi fim ɗin shekara goma bayan kashe shi a juyin mulkin 1966, bayan yaƙin basasa, ana shirin bikin al'adu na FESTAC na 1977. Masu fim ɗin ba littafin wani malamin makaranta suka ɗauka ba, littafin marigayi Firayim Minista suka ɗauka, kuma wannan yana da tasiri a kan abin da za su yarda su taɓa.

Malama Rakiya ta rubuta:

Hauwa'u, zan ɗauki tambayarki ta biyu. Jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo, taurari: waɗannan ba mazhaba ba ne, ma'aunai ne na bayyana abin da ke cikin matani. Malamanmu irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau sun shimfiɗa su da kyau a nazarin waƙa, aka kuma yi irin haka a rubutun zube, kuma ba wanda zai yi tarke ba tare da su ba. Sai dai suna gaya miki "mene ne", ba sa gaya miki "don me". Mazhaba ita ce ke ba ki tambayar da za ki yi wa matanin. Don haka ba a fara zaɓen mazhaba sannan a nemo mata hujja. Ki dubi teburin da Malam Lawal ya ce ki yi, ki ga inda sauye-sauyen suka taru, nan ne zai nuna miki mazhabar.

Misali da littafin naki. Idan suka taru a fada da kasuwa, wato hari da rabon bayi da cinikin Kano da ayarin hamada, to ra'in Markisanci zai yi miki aiki: wa ke mallaka, wa ake mallaka, wa ke cin riba, kuma yaya labarin ya sa wannan tsari ya zama kamar haka Allah ya yi shi. Ki lura cewa Umar bawa ne da ya dace da ubangida nagari har ya zama ɗa, uwarsa kuwa ba ta dace ba. Labarin yana tuhumar bauta ne, ko kuwa mugun ubangida kaɗai yake tuhuma? Tambaya ce ta gaske, kuma amsar littafi da ta fim ba lallai su zo ɗaya ba.

Idan suka taru a kan uwar, to ra'in matantaka, mai duba matsayin mace a labari. A ganina ita ce mai ɗauke da nauyin littafin. Umar ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu, ita kuwa ita ta yanke shawarar fita, ta bar mijinta, ta ratsa hamada, ta sha wuya, ta mutu bayan ta ga ɗanta. Amma sunan ɗan ne a bangon littafi, kuma ta bakinsa muka san ta. A fim dole a ba ta fuska da murya da tafiya irin tata. Ki auna minti nawa take a allo, sau nawa ta yi magana ba tare da an tambaye ta ba, da wa take magana.

Idan kuma hankalinki ya fi karkata ga yadda aka samar da littafin, to ra'in bayan mulkin mallaka: gasar da Bature ya shirya, hukumar da ta buga a Zariya, littattafan da ake so a karanta a makarantun boko, da kuma labarin da ke nuna ƙasar kafin zuwan Turawa cike da hari da kamu. Wannan hanya tana da daɗi amma tana da santsi, domin da sauƙi mutum ya mayar da marubucin ɗan amshin shata, alhali littafin cike yake da girmama malanta da ilimin Musulunci wanda ba Bature ne ya sa a rubuta ba.

Ɗaya za ki ɗauka. Kuskuren da ya fi yawa a kundaye shi ne a jera ra'i uku ko huɗu a babi na biyu, da sunayen Turawa da shekaru, sannan a shiga babi na huɗu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Gwajin mai sauƙi ne: ki rufe babi na biyu ki karanta na huɗu. Idan ba abin da ya ragu, ra'in ado ne kawai.

Sai kuma ra'in baddalar kanta, wanda daban yake da mazhabar tarke, kuma kina bukatarsa ko wace mazhaba kika bi. Tun littafin George Bluestone na 1957 masana suka nuna cewa zube da fim kafafe ne mabambanta, kowace da abin da take iyawa. Geoffrey Wagner a 1975 ya kasa baddala uku: wadda aka ɗauko labari aka dasa kusan yadda yake, wadda aka sauya da gangan don a yi sharhi a kansa, da wadda aka ari ƙashin kawai aka gina wani abu. Linda Hutcheon a 2006 ta ja hankali ga bambancin faɗa da nunawa, ta kuma ce a ɗauki aikin baddala a matsayin aiki mai zaman kansa. Abin da ya haɗa su shi ne ƙin auna fim da mudun "ya riƙe amanar littafi ko bai riƙe ba". Ina tare da su. Wanda ya fara da cewa littafi ya fi fim ya gama hukunci kafin a shiga kotu.

Bashir ya rubuta:

Allah ya ƙara wa malamai lafiya. Ni ta ɓangaren masu rubuta fim zan yi magana, domin akwai abubuwan da ba a gani sai daga can.

Ƙa'idar da ake bi ita ce shafi ɗaya na rubutun fim ya yi kusan minti ɗaya a allo. Fim na awa ɗaya da rabi shafi 90 ne, kuma shafin ba cike yake ba, rabinsa fili ne. Fitowa tana cin minti biyu zuwa uku, ke nan fim ɗin duka bai cika wuce fitowa 30 zuwa 45 ba. Littafin soyayya mai kashi uku kuwa yana iya ɗauke da aukuwa sama da ɗari. Dole biyu cikin uku su tafi. Yadda ake yi: a fara ware ƙashin baya, wato wa ke son me, wa ya tare masa hanya, a ina abu ya ɓaci, a ina ya warware. Duk abin da bai taɓa wannan ba shi ne farkon fita. Sannan a haɗe taurari, ƙawaye uku su koma ɗaya, kawu da baffa su zama mutum guda. Sannan a haɗe wurare, domin kowane sabon wurin ɗauka kuɗin mota ne da abinci da janareta da yini guda. Fim mai dogon zango ya sauƙaƙa ragin, amma ya kawo tasa matsalar: kowane kashi sai ya ƙare a inda zai ja mai kallo ya dawo, littafi kuwa ba a haka aka yanka babobinsa ba, sai a riƙa ƙirƙiro rikicin da marubucin bai sani ba.

Wurare uku ne littattafanmu ke ba da wahala. Na farko zancen zuci. Marubuciya za ta cika shafi biyar da abin da ke ran yarinya tana kwance ba ta ce uffan ba. Mai rauni sai ya sa muryar bayan fage ta karanto shafukan, mai kallo ya yi ta kallon mutum a kwance. Mai gwaninta sai ya nemo aikin da zai nuna abin: ta zuba abinci ta kasa ci, ta ɗauki waya ta ajiye, ko a ƙirƙiro ƙanwa da za ta faɗa wa rabin maganar ta riƙe rabi. Na biyu wasiƙa, wadda littattafan shekarun 1990 suka dogara da ita ƙwarai. Na uku cikin ɗaki. Littafi yana shiga har ƙuryar ɗakin ma'aurata, fim ɗin Hausa kuwa namiji da mace ba sa ko taɓa juna, kuma tun 2001 akwai hukumar tace finafinai a Kano. Abin da alƙalami ya yi a ɗaki sai a fito da shi falo ko tsakar gida, wani lokaci waƙa ce ke ɗaukar nauyin abin da ba za a nuna ba. Mai tarke da ya ga waƙa ya ce "kwaikwayon Indiya" ya wuce, ya bar rabin bayanin a baya.

Ki ɗauki faɗawar Sumayya rijiya a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka mayar fim a 1994. A takarda jimla biyu sun isa. A gaban kyamara sai an yanka: ƙafa a bakin rijiya, fuska, ƙarar ruwa, ihun mutanen gida. Ba a nuna faɗawar, kan mai kallo ne ke haɗa ta. Irin wannan sauyi kafa ce ta kawo shi, kamar yadda Malam Lawal ya ce.

Inda na ɗan saɓa da Malama Rakiya shi ne batun amana. A aji ana iya ajiye ta, amma masu kallonmu ba su ajiye ta ba. Wadda ta karanta littafi sau uku ta zo kallo ne da hoton tauraron a ranta, kuma saboda ita furodusa ya sayi labarin tun farko. Idan ta ce an ɓata, wannan ma bayani ne da ya kamata ya shiga nazari.

Ga mai son yin baddalar da kansa: izini a rubuce kafin a rubuta layi ɗaya. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, mayar da littafi fim haƙƙin mai littafi ne, kuma kariyar tana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Shaihu Umar yana cikin kariya har ƙarshen 2036, littattafan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, har 2051. Takardar ta faɗi tsawon izinin, ko fim ɗaya ne ko har da mai dogon zango da YouTube, wa ke da ikon sauya ƙarshen labari, da yadda za a rubuta sunan marubuci. Rigimar da ta fi yawa a kan ƙarshen labari take tashi.

Malama Rakiya ta rubuta:

Malam Bashir, ban ƙi ba. Amma abu biyu ne. Korafin mai kallo cewa an ci amanar littafi abin nazari ne, akwai ma mazhabar da ta tsaya a kan yadda masu karatu da masu kallo ke karɓar aiki. Abin da na hana shi ne mai tarke ya ari korafin ya mayar da shi ma'auninsa. Idan Hauwa'u za ta bi ta nan, sai ta yi hira da waɗanda suka karanta kuma suka kalla, ta kawo maganarsu yadda suka faɗa, ba ta zauna ta ƙaddara abin da "jama'a" ke ji ba.

Malam Habibu ya rubuta:

Tambaya ta uku ba a taɓa ta ba. Magana Jari Ce baddala ce, kuma ita ce mafi kyawun misalin da za ki samu. Ba a ɓoye yake ba cewa a 1936 Abubakar Imam ya zauna a Zariya, East ya tara masa littattafan labaru na Larabawa da Turawa da na Gabas, ya karanta ya rubuta littafi uku. Ibrahim Malumfashi ya bi sawun tushen labaran da yawa, kuma aikinsa ne ya kamata ki fara nema. Tsarin aku mai ba da labari don ya hana wani fita tsoho ne a adabin Indiya da Farisa, inda akun ke tsare matar ubangidansa kada ta fita da dare. Imam ya juya shi: wanda ake tsarewa Musa ne ɗan Sarki Abdurrahman, abin da ake tsare shi daga gare shi kuwa makircin Waziri ne. Dabarar ɗaya ce, amma labarin tsaron mace ya koma labarin gadon sarauta da amanar bara, abin da ya dace da fada da kuma ajin makaranta.

Yadda za ki raba ukun. Mai fassara yana bin matani jimla bayan jimla, kuma bashin da ke kansa shi ne kada ya rage kada ya ƙara. Mai baddala yana riƙe ƙashin labari ya sauya tsoka: suna, wuri, dangantaka, addini, abin dariya, darasi. Mai sata kuwa yana ɗaukar aikin wani da kalmominsa ya ce nasa ne. Hujja ba ta tsayawa da faɗa, sai an ajiye matani biyu gefe da gefe.

Ki gwada da Kalala da Kalalatu. A tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan Grimm suka tara a Jamus akwai labarin wata kuku mai suna Gretel. Ubangidanta ya sa ta gasa kaji biyu don baƙo, ta riƙa kurɓar giya tana ɗanɗanawa har ta cinye su. Da baƙo ya iso, maigida yana wasa wuƙa, sai ta raɗa wa baƙon cewa kunnuwansa za a yanke, ta kuma gaya wa maigida cewa baƙo ya sure kajin ya gudu. Maigida ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko ɗaya, shi yana nufin kaza, baƙo yana jin kunne. Imam ya riƙe kaji biyu da wuƙa da gudun da rashin fahimtar, amma kuku da ubangida sun koma mata da miji. Wannan sauyi ɗaya ya juya komai. A Jamus dariyar ta baranya ce da ta fi ubangidanta wayo, magana ce ta mai gida da mai aiki. A Hausa ta koma maganar zaman aure, da mijin da ke kawo baƙo, da matar da girki ke hannunta. Ga abin da ake nufi da cewa sauyi ya taɓa ma'ana. Haka za ki yi da Sarkin Busa, wanda tushensa labarin mai busar garin Hamelin ne.

Abin da ke ɓata irin wannan babi shi ne farautar tushe ta zama ita ce aikin. Ɗalibi ya gano inda labari ya fito, ya yi murna, ya tsaya. Gano tushe rabin farko ne. Karin maganar da Imam ya ɗora a kan labari, da kirari, da yadda fadawa ke magana gaban sarki, da zaurance irin na masu wayo, babu ko ɗaya a Grimm, kuma su ne dalilin da ya sa ake karanta littafin har yau.

Hauwa'u ta rubuta:

Na gode ƙwarai, malamai, Allah ya ƙara ilimi. Na fi karkata ga batun uwar Umar da muryar mai ba da labari. Shin zan iya haɗa su, ko ya zama ra'i biyu ke nan? Kuma wane kwafin fim ɗin ya kamata in dogara da shi?

Malam Lawal ya rubuta:

Suna haɗuwa, kuma ba ra'i biyu ba ne. Murya ma'auni ne na zubi, matantaka ita ce mazhabar. Tambayar kundin sai ta zama guda: me ya sami uwar Umar lokacin da labarinta ya fita daga bakin ɗanta ya koma gaban kyamara? Ki ciro layukan teburin da take ciki kaɗai, ba za su yi yawa ba, ki bi su ɗaya bayan ɗaya a matani ukun. A littafi ki raba inda aka kawo maganarta kai tsaye da inda Umar ya taƙaita ta da "sai ta ce". A fim ki lura da inda kyamara ta matso fuskarta da inda ta bar ta cikin taro, da fitowar da take ciki ba Umar ba Makau. Sauran sauye-sauyen da ba su shafe ta ba ki tura su rataye a ƙarshen kundin, kada su cinye miki babi.

Batun kwafi, fim ɗin ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gano faifansa a Legas, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi tare da Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wannan gyararren shi ne abin dogaro, kuma hukumar tana Jos, can ne za ki fara tambaya da takarda daga sashenku. Kowane kwafi kika samu, ki rubuta tsawonsa da inda kika same shi a babi na ɗaya, domin idan an yanke wani abu a naki, za ki lissafa shi a matsayin ragin darakta alhali ba shi ya yi ba. Ki kuma saurari Hausar da bakin 'yan wasa ke faɗa ki rubuta ta da kanki, kada ki ɗauko daga fassarar da ke ƙasan allo, ita ma taƙaitawa ce. Littafin kuma an sha sake buga shi, lambobin shafi suna motsawa, don haka ki tsaya a kan bugu ɗaya ki faɗi shekararsa.